Koren Karan Furen Inna

Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, abu ɗaya ta bar wa autanta amana: tukunyar furen da ake kira okid, wadda ta ajiye a tagar ɗakinta. Kullum idan ya je duba ta, kafin ta tambayi jikoki sai ta ce, "Auta, ya furena?" Shi kuma ya ce lafiya lau, ya nuna mata hoto a waya.

Sai furannin suka zube, dogon karan ya fara rawaya. Auta ya ɗauki hotonsa ya nufi rumfar mai sayar da furanni.

"Daga sama rawayar ta faro ko daga gindi?" in ji mai furanni.

"Da bambanci ne?"

"Sosai ma, Malam. In daga sama ta sauko, karan ne ya gama aikinsa, a yanke shi, wani zai fito. In daga gindi ta hau, tana baƙi-baƙi, ruɓa ce, ruwa ya yi yawa. Wannan hoton naka ma ai rabinsa labule ne. Koma ka duba da idonka."

Ya dawo gida ya durƙusa gaban tukunyar. Karan kore ne shar, daga sama har ƙasa, har yana sheƙi. Ya duba hoton, ya duba karan, ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya kira mai furanni a waya.

"Ya warke."

"Me ya warke? Karan da ya yi rawaya ba ya komawa kore. Ko dai tukunya biyu gare ku?"

Auta ya zauna a bakin gadon Inna, kansa ya ɗaure. Har ya fara tunanin ko alama ce cewa ita ma za ta tashi, sai kunya ta kama shi. Ya kai hanci kusa da karan, ya ji wani wari da ya sani, warin shagon kitson matarsa.

"Maman 'yan biyu!"

Matar tasa ta leƙo da mataji a hannu. "Ka gani ko? Ai ya fi da kyau."

"Me kika shafa masa?"

"Jan farce. Kore."

"Jan farce kuma kore?"

"To ya kake so in kira shi? Jiya na ga ka tsaya kana ta juya waya don kada rawayar ta fito a hoto. Na ce bari in hutar da kai."

"Ai wannan ƙarya ce."

"Juya wayar fa, Baban 'yan biyu? Wa'azi ne?"

Ya tambaye ta daga ina rawayar ta faro kafin ta shafe ta. Ta ce daga sama. Sai kuma ta ce a'a, kamar dai daga tsakiya.

Ya ɗauko reza ya shiga kankarewa a hankali. Inda ya kankare a sama, rawaya ce. Can ƙasa kuma launin ya yi duhu, amma ya kasa gane ko ruɓa ce, ko jan farcen ne ya ƙona shi, ko rezarsa ce ta ji masa ciwo. Ganyayen dai na nan da ƙarfinsu. Da ya sake kira, mai furanni ya ce yanzu kam shi ma bai sani ba, sai a jira.

Washegari ya tsaya a ƙofar ɗakin asibitin, hotuna biyu a wayarsa: mai sheƙin kore, da wanda aka kankare rabi. Likita ya riga ya ce kada a tayar wa Inna da hankali. Ita kuma amana ta ba shi. Ya shiga bai yanke shawara ba.

"Auta, ya furena?"

Ya miƙa mata na biyun. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi masa kwalliya?"

"Surukarki."

Inna ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Zai rayu?"

"Wallahi ban sani ba, Inna."

"To haka za ka riƙa ce min." Ta mayar masa da wayar, ta gyara kwanciya. "Yanzu zauna. Ni kuma me likitan ya ce maka a kaina?"

Auta ya jawo kujera ya zauna.