Agogon da Ya Yi Gaba

"Tsaya, tsaya, kar ki danna!" Baba Mai Agogo ya riƙe hannun Injiniya kafin yatsanta ya sauka. "Wannan kuma me yake cewa?"

"Baba, cewa ya yi in ka yarda a ci gaba."

"In yarda da me? Ni ban taɓa yarda da abin da ban ga cikinsa ba."

Injiniya ta ja numfashi. Maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su, sana'arta rubuta manhajojin waya. Shi kuwa a gyaran agogo ya tsufa, har ciwon ƙirji ya zaunar da shi a gida. Girka wa kwamfuta kayan haɗa manhaja aiki ne da take gamawa a wuni guda, amma ga shi ya ja su makonni, don tsohon nan ba a tsallake masa komai.

Dalilinsa ne ya hana ta gajiya. Idon Inna, matarsa, ya raunana. Gida cike da agogo, amma daga madafa sai ka ji ta ɗaga murya, "Malam, ƙarfe nawa?" Likita kuwa bai ɓoye masa komai game da ciwon nasa ba. Shi ya sa yake so ya haɗa mata agogo mai manyan lambobi a wayarta, da hannunsa, kafin mai amsawar ya tafi.

"Irin wannan fa suna nan birjik," in ji Injiniya. "In sauke mata ɗaya yanzu?"

"Na wani? Ina raye matata ta duba agogon wani ƙato? Ke dai nuna min."

Ranar da wayar gwaji, wato hoton waya da ake gwada manhaja a kai, ta bayyana a allon kwamfutar, sai ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya kai hanci har allon.

"Ikon Allah, waya a cikin kwamfuta! To, wa ke kiranta? Ta ina take shan caji?"

Injiniya ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai dai kwamfutar ta tsufa kamar mai ita, wayar gwajin ta daskare, ko motsi ba ta yi. Dole suka koma kan wayar Inna. Injiniya ta nuna masa wata lamba a can cikin saiti, ta ce ya yi ta ƙwanƙwasa ta har wayar ta ba shi izinin saka nasa aikin.

"Au, ita ma sai an yi mata sallama?" Ya ƙwanƙwasa, ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo.

Da yatsa ɗaya yake rubutu, layi bayan layi, yana tambayar amfanin kowane ɗigo. Wata rana ya ce, "In mutum yana so ya ƙara wa lokaci wani abu fa, ina ake taɓawa?" Ta nuna masa. Ba ta tambayi dalili ba, ta ɗauka son sanin nasa ne ya motsa.

Da aka zo tura aikin cikin waya, sai kwamfuta ta ƙi ganinta. Suka cire, suka mayar, shiru. Can Injiniya ta gane.

"Kebul ɗin ne, Baba. Wuta kawai yake kaiwa, ba ya kai saƙo."

Kafin ta rufe baki ya ɗauki reza ya farke shi. "Gaskiyarki, 'yata. Siraran wayoyi biyu ne kacal. Ashe har igiya akwai kurma."

"Gobe zan taho da mai kyau daga ofis."

"To, Allah ya kai mu."

Washegari da yamma ta dawo da kebul a jaka, ta tarar da takalma jibge a ƙofar gidan. Nan ta gane Baba ya rasu. Ta yi kuka, ta kuma ji haushin kanta sosai: shagon kayan waya yana nan bakin titi, me ya hana ta zuwa tun jiya?

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, Inna ta leƙo ta katanga. "'Yata, zo ki ƙarasa masa abin nan."

Kwamfutar tana kan teburinsa yadda ya bar ta. Injiniya ta jona wayar, ta danna. Allon ya yi baƙi, sai ga fararen lambobi manya-manya sun cika shi. Inna ta kai wayar kusa da fuska, ta karanta da kanta, a hankali.

Injiniya ta dubi agogon hannunta, ta yamutsa fuska. "Inna, akwai kuskure. Kawo in gyara."

"Gaba ya yi?"

"E, da 'yan mintuna."

Inna ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "Bar shi. Tun aurenmu haka yake min da kowane agogo, wai na cika nawa. Shi a tunaninsa ban sani ba."

Ta goge allon da bakin zanenta, ta jingina wayar a kan teburin, kusa da gilashinsa da farkakken kebul ɗin. Agogunan bango, da babu wanda ya wana su tun ranar rasuwar, duk sun tsaya. Su biyun suka zauna suna kallo har lambar ƙarshe ta canza.