Shuɗin Auta

Dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha bakwai. Adadin da ya fito ke nan a saman allon kwamfutar bayan Auta ya rubuta kalma ɗaya tak, "ɗana", da yatsa guda, kamar kaza na tsintar tsaba. Ya jingina da kujera, ya dubi yayarsa.

"Duk wannan Baba ne ya rubuta?"

"Ina fa! Ai ka buɗe mata baki ne, ta kwaso maka duniya," in ji Yaya. "Ta haɗa da Littafi Mai Tsarki fassara uku, da littattafan sharhi, da ƙamus. Matsa in nuna maka. Kai da sitiyari ka saba."

Ɗakin karatun mahaifinsu ne, ɗan tsukuku, taga ɗaya. Tabaransa na nan a kan tebur, an ɗaure hannu ɗaya da zare. Kwamfutar ta coci ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an bar ta a jone da bango. A cikinta akwai manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki wadda tsohon faston, wato mahaifin nasu, ya shafe shekaru yana shirya wa'azi da ita, yana rubuta bayanansa a gefen ayoyi. Da la'asar magatakardan coci zai zo ya ɗauke ta, a share komai, a miƙa wa sabon fasto.

Auta direban babbar mota ne. Labarin rasuwar Baba ya same shi a hanya, ya iso an riga an binne. Rabonsa da ɗakin nan shekara takwas da wata bakwai, tun ranar da ya bar makarantar koyon aikin fasto a shekararsa ta biyu, ya tsaya gaban wannan tebur ya ce shi Allah bai kira shi ga wannan aiki ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dai ce, in haka ne, shi 'ya ɗaya ya haifa. Daga nan kowa ya zauna jiran ɗan'uwansa ya fara kira, gaisuwa sai ta bakin Mama. Yanzu abu ɗaya ya zaunar da Auta a kujerar: yana so ya san ko mutumin ya janye maganar nan kafin ya tafi, ko da a rubuce ne, ko da ba da nufin wani ya gani ba.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta riƙa buga wa Baba wa'azi tun da idanunsa suka fara gajiya, don haka ta san lungunan manhajar. Ta sunkuyo ta kan kafaɗarsa ta nuna jerin ƙananan akwatuna a gefen hagu.

"Nan ake tacewa. Kamar rariya ce. Cire sharhi. Cire ƙamus. Yanzu cire nassin kansa, ka bar bayanan Baba kaɗai."

Adadin ya faɗo zuwa sittin da ɗaya.

"Yanzu sa kwanan wata. Daga ranar da ka yi mana yaji."

"Ba yaji na yi ba."

"To, daga ranar da ka tafi sayo gishiri."

Bai yi dariya ba. Ya rubuta ranar ba tare da ya tsaya tunani ba, ita kuma ta lura da haka. Saura tara. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana bin layi da yatsa, leɓunansa na motsi. Duka taran na wa'azi ne: ɗan wani sarki, ɗan wata gwauruwa, gargaɗin uba a littafin karin magana wanda Baba ya kwafo don taron matasa. Ba shi a ciki.

Ya goge, ya rubuta "Auta". Babu sakamako. Ya rubuta sunansa na baftisma. Babu. Ya rubuta "direba", ya rubuta "mota", aka ba shi bayani ɗaya a kan karusan yaƙi. Yaya ta sake rubuta "Auta", ta cire kwanan watan don ta gwada, sai ga layi ɗaya ya fito, na shekara goma da suka wuce, a gefen wata aya da ba ruwanta da zancen: "Auta zai ɗauke ni a tasha ƙarfe biyu. In tuna masa."

Ya daɗe yana kallon layin. Ya tuna ranar. Ƙarfe huɗu ya je.

"Gwada 'gafara'," ya ce.

"Fasto ne fa. Gafara ai kayan aikinsa ce."

Gaskiyarta. Ɗari uku da bakwai suka fito. Ta nuna masa yadda ake haɗa kalma biyu, a ce lallai su zo a bayani guda. Gafara da ɗana: biyu, duka na makon da aka yi wa'azin sulhu tsakanin dattawan coci. Gafara da Auta: babu. Duk lokacin da ya ƙara matse rariyar, sai allon ya ƙara yin fari, har ya zama ba abin da ya rage sai akwatin bincike da ɗan layin nan mai ƙyaftawa.

"Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka," in ji Yaya, muryarta ta sauka. "Ka san halinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk taurin kan naka a wurinsa ka samo."

"Shekara takwas, Yaya. Ko sau ɗaya hannunsa bai yi kuskure ya rubuta ni ba?"

Mama ce ta amsa, daga bakin ƙofa, inda ta jima a tsaye da tsumman goge kwano a hannu.

"Me kuke nema da ba ku tambaye ni ba?"

"Sunan Auta muke nema a rubutun Baba."

"Ai ba za ku samu ba. Ba ya rubuta ku. Fenti yake shafa muku a kan ayoyi." Ta shigo, ta zauna a kan ɗan bencin da ke jikin bango, wurin zamanta na kowace safiya. Ba ta taɓa taɓa kwamfutar ba, amma ta fi kowa kallonta. "Rawaya na wa'azi. Kore naki. Shuɗi nasa."

Yaya ta miƙe. "Ni na ɗauka alamar abin da ya gama ne!"

"Kin tambaya?"

Akwai akwatin launi a can ƙasan jerin, wanda Yaya ba ta taɓa buɗewa ba. Ta bar wurin rubutu fayau, ta danna kore. Tamanin da shida. Ta danna shuɗi. Tsohuwar kwamfutar ta yi nishi, ta ɗan daskare, sannan ta kawo: dubu uku da ɗari da hamsin da biyu.

"Iko sai Allah," in ji Yaya. "Ni da na zauna ina auna masa jini, ina faɗa da shi a kan magani, tamanin da shida na samu. Ɗan gudun hijira kuwa an ba shi dubu uku. Mama, da kin gaya mini, da ni ma na gudu."

"Ke ai yana ganin ki."

Auta ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya zaci zai tarar da ayoyin tsawatarwa, ko na marmari, abin da zai karanta ya san matsayinsa. Amma ta farko ita ce ayar farko ta littafin farko. Ta biyu, mai bi mata. Ya gangara. Jerin sunayen kakanni, shuɗi. Awon katakon alfarwar sujada, shuɗi. Ba a tsallake ko ɗaya ba, ba a kuma zaɓi ko ɗaya ba.

"Jera su bisa kwanan wata," ya ce, da kansa.

Ta jera. Kowace aya da ranarta, kowace rana aya ɗaya. Ta farko ta faɗo washegarin tafiyarsa. Yaya ta nuna wani mako da yatsa: lokacin da aka kwantar da Baba a asibiti ke nan, ita ce ta kai masa kwamfutar, tana mita.

"Da ya gama addu'ar safe sai ya ce, 'Bari in karanta wa yaron nan tasa, na san shi ba zai karanta ba,'" in ji Mama. "Da ƙarfi yake karantawa. Na ce masa ya zaɓo masu daɗi mana. Ya ce ba wa'azi yake maka ba."

"Ya yafe mini, Mama?"

Ta ninke tsumman gida biyu, ta sake ninkewa.

"Ban tambaye shi ba. Shi ma bai ce ba."

Ya gangara har ƙarshe. Shuɗin ya ƙare a littafi na uku, tsakiyar dokokin firistoci, wurin da ake bayanin abin da za a yi in fumfuna ta kama bangon gida. Ranar da ke jikin ayar ƙarshe ita ce safiyar da Baba ya faɗi. A ƙarƙashinta rubutun ya ci gaba, baƙi a kan fari.

Auta ya gyara zama. Ya share maƙogwaro, ya karanta ta gaba da ƙarfi. Zancen kankare bango ne da zubar da tarkacen a bayan gari. Ya yi tuntuɓe a kalma biyu.

"A hankali," in ji Mama. "Shi ba ya sauri."

Ya sake karantawa a hankali. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗaga kai, bai san abin da ake yi bayan nan ba.

"Ci gaba," ta ce. "Yau kwana goma sha ɗaya ba a karanta maka ba. Saura goma."