Babin da Ya Zube

Shekara goma sha bakwai ina koyar da littafi ɗaya a aji shida. Labarin wani maigadi ne da ya tsufa yana tsaron gidan da babu kowa a ciki, kullum yana tambayar kansa amfanin zamansa. Kwafin da makaranta ke raba wa ɗalibai ya sha hannu, babin ƙarshe ya daɗe da zubewa. Ban taɓa damuwa ba. Ina da littafin bayanina, in karanto, su rubuta.

Ranar Talata na ce, "Ku rubuta: maigadin yana wakiltar ɗan Adam."

Sai wata yarinya a kujerar baya ta ɗaga hannu.

"Malam, a ƙarshe ya tafi, ko ya zauna?"

Na duba bayanina: jigo, salo, darussa biyar. Babu inda na rubuta abin da ya faru da mutumin. Na san na karanta babin ina saurayi, har na ishi abokaina da zancensa. Na laluba kaina, wayam.

Na jira in ji kunya. Ita ma ba ta zo ba.

Na ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

Ta ce, "To, Malam," ta sunkuyar da kai.

Da aka tashi, na goge allo, na rufe tagogi, na kulle ajin. Sau biyu na jijjiga kwaɗon don in tabbatar ya kama, ko da yake babu kowa a ciki.