Allurar Ɗan Ƙetaren Kogi

Sagmayao yana dawowa daga gonar shinkafa ya ga jini a yatsan mahaifiyarsa. Mai riƙe da allurar kuwa Dumalsin ne, ma'aikacin lafiya, ɗan ƙetaren kogi. Shekara ashirin ke nan da ƙauyukansu biyu na yankin Kalinga suka rantse cewa duk wanda ya fitar da jinin ɗan ɗaya ƙauyen, ko ɗigo ne, sulhu ya warware.

Bai tsaya tambaya ba, ya kai masa ƙotar adda a baki. Dumalsin ya kife kan teburin gwaji, kwalabe suka tarwatse, haƙorinsa ya faɗo ƙasa. Sagmayao ya take masa ƙirji, ya juyo da kaifin.

"Gwajin suga ne, yaya," in ji Dumalsin. "Ta sa hannu a takarda."

"Takarda ce ta binne ubana lokacin yaƙi?"

Tsohuwa Ginnamay ta cafke hannun ɗanta. "Sakarai, dubi ƙasa. Nawa ɗigo ne. Nasa fa?"

Ya duba, ya ga jinin Dumalsin ya jiƙa ƙasa. In wannan fasasshen bakin ya haye kogi a haka, kafin gobe an ɗauko bindigogi.

Dumalsin ya tofar da jini, ya miƙo masa sabuwar allura. "Laifina ne ban fara zuwa wurin dattawanku ba. Daga yau ku soki mutanenku da kanku, ni in karanta sakamakon. Aladen da al'adarmu ta ce a yanka don sulhu kuma kai za ka yanka."

Sagmayao ya ajiye addar. Ya karɓi allurar, ya kama yatsan tsohuwar.