Ƙofar Banɗakin Gwaggo Ta Shiga Tarihi

Jama'ata, barkanku da warhaka. Ku gyara zama, yau labarin wata ƙofa na kawo muku.

Gwaggo da mijinta Kawu suna zaune a wani tsohon gidan bene a tsakiyar birni, irin mai matakalar katako da ke kuka in an taka. Damuwarta ɗaya ce: ƙofar banɗaki. Kawu ne ya haɗa ta bara waccan da murfin tsohuwar wadirof, mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba. Ƙofa ta karkace, ba ta rufuwa. In Gwaggo na wanka, hannu ɗaya na riƙe da ƙofa, ɗaya na cuɗa. Da ta gaji, ta ce wa kafinta ya zo ranar Asabar.

Ranar Alhamis sai ga jami'in kula da gine-ginen tarihi, da tabarau da tef ɗin awo. Ya zaga gida yana rubutu, ya zo gaban ƙofar ya tsaya cak.

"Ikon Allah! Hajiya, kin ga karkacewar nan? Mutanen da da gangan suke yin ta, don iska ta ratsa."

"Iska kam tana ratsawa," in ji Gwaggo. "Har da idon baƙi."

Jami'i ya manna wa ƙofar lamba mai tambarin hukuma. "Daga yau ba a cire ta, ba a sa mata sakata."

Gwaggo ta juya wajen Kawu. "Malam, faɗa masa wa ya yi ta."

Kawu fa shekara talatin ba a taɓa yaba aikin hannunsa ba. Ya gyara hula ya ce, "Wani gwani ne. Allah ya ji ƙansa."

"Ya ji ƙan wa? Ga ka nan tsaye cikin silifas ɗina!"

To tsakani da Allah, da ku ne Gwaggo, ya za ku yi? Ita dai jan jami'in ta yi zuwa ɗaki, ta nuna masa wadirof mai murfi ɗaya. "Ga inda aka ɓalle ta. Duba da kyau."

Jami'i ya dafe ƙirji. "Katako iri ɗaya! Ashe har kayan ɗaki ya bari!" Ya manna wa wadirof lamba ita ma.

Asabar kafinta ya zo, ya ga tambarin hukuma, ya mai da zartonsa jaka ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Gwaggo ta koma ɗaki. Ta zauna ta karanta takardar dokokin da jami'in ya bar musu tas. A shafi na uku ta tsinci abin da take nema: ba a taɓa kayan tarihi da jiƙaƙƙen hannu, kuma maigida ne zai tabbatar da haka.

Washegari da safe ta ɗauki bokiti. "Malam, taso. Doka ce, ba ni na rubuta ba."

Kawu ya tsaya a waje riƙe da ƙofa, shayinsa na hucewa a kan tebur. Can ya ce, "Hajiya, hannuna ya sage."

"Canja hannu, Malam. Ko kaina ban jiƙa ba tukuna."