Ƙyaftawar Giwa

Ni da kuke gani, sau biyu wutar lantarki tana ɗaga ni tana makawa da ƙasa, kuma ita ce ta gaji. Ban taɓa zaman aji ba, amma duk gidan yankan katakon nan babu mai tayar da Giwa sai ni. Giwa shi ne tsohon injin lantarkin da ke juya babban zarto. Makunninsa wani ƙarfe ne kamar taɓarya, samari majiya ƙarfi suna ganinsa suke tuna suna da uzuri.

Gidan katakon da unguwarmu taransifoma ɗaya muke sha. In na danna ƙarfen nan da safe, sai kowane ƙwan lantarki a unguwar ya dushe, ya yi ja kamar garwashi, sannan ya dawo. Tela ya zage ni, mai aski ya zage ni. Mutum ɗaya ce take jiran wannan dushewar, ita ce tsohuwata, wato matata.

Tun ranar da aka kawo mata ni a kan ƙyauren ƙofa, tafin hannuna a ƙone, ba ta ƙara yarda da safiya ba. Ga ciwon ƙafa ya zaunar da ita a ɗakinmu mai duhu, inda ƙwai ke kunne ko da rana. Sai ta ga ya ƙyafta take karyawa. Ɗanmu ya saya mata waya, ta ture.

"Waya kowa ma zai iya ɗauka ya yi mini ƙarya," in ji ta. "Wancan dodon kuwa, wannan mahaukacin kaɗai ke taɓa shi."

Ana nan sai mai gidan katakon ya kawo wata injiniya, yarinya sa'ar jikata. Ta maƙala wa wayoyin Giwa na'urarta, ta girgiza kai.

"Baba, Giwarka akwai haɗama. Wutar da yake ja ba duka yake mayarwa aiki ba. Wata kai da kawowa kawai take yi a waya, tana tare hanya, tana dafa taransifoma."

"Ƙato ai da ci aka san shi, 'yata."

"Ƙaton da ke ɗibar malmala goma ya ci shida? Zan sa masa kafasito, su riƙe masa wannan rarar a nan kusa da shi. Ƙarfen nan kuma ya huta, akwai akwatin da zai tashe shi a hankali."

"To ƙwan unguwa fa?"

"Ko gezau. Har addu'a za su yi maka."

Na buɗe baki in ce mata wani abu, sai na ga leburori sun kasa kunne. Namijin da wuta ta kasa zai ce a bar unguwa cikin wahala saboda karin kumallon matarsa? Na haɗiye. A gida ma ban faɗa ba, don kada tsohuwata ta ji an mayar da aikina na danna maɓalli.

Ranar da aka gama, na taɓa wani koren maɓalli da ɗan yatsa. Giwa ya tashi sumul, kamar mage. Muna cikin yanka, hantsi ya dubi ludayi, sai na ga leburori suna darewa. Tsohuwata ce a bakin ƙofa, da sanda, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a karkace. Matar da ko tsakar gida sai an riƙe ta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, kana raye?"

"Wa zai kashe ni?"

"Ni, in ka matso."

A bayana na goya ta har gida, tana dukan kafaɗata, garin katako yana zuba a kanmu. Daga ranar, in na tayar da Giwa sai in saci jiki in koma, in miƙa hannu ta ƙofa in kashe mata ƙwan in kunna. Ta ce, "Na gani, tafi." Ban taɓa fashi ba, ku tambayi tela.

Bara ta riga ni gidan gaskiya. Yanzu ni ne zaune a ɗakin da safe, shayi yana hucewa a gabana, idona a sama. Ita ce ta fita, ni nake jiran a ce mini an isa lafiya.

Yarinyar nan injiniya ta iya aikinta, ba zan tauye mata haƙƙi ba. Ƙwan ko motsi ba ya yi.