Gidan Rigasa Daga Sama

Malam Shehu ya sake ɗora rula a kan takarda, Malama Zulaiha ta sake zare ta. Karo na uku ke nan da safiyar nan, a makarantar koyon zane da ke Malali.

Shekara talatin da biyar ya yi yana zana taswirar filaye a ma'aikatar safiyo, da ya yi ritaya kuma ya zo ya zauna cikin sa'o'in jikokinsa riƙe da buroshi. Dattijon yana da ban sha'awa: ba ya makara, ba ya kunyar tambaya. Sai dai ido ya riga ya saba, komai daga sama yake hango shi. An taɓa cewa a zana kofi, gogan naka ya zana da'ira ya miƙa. Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya taya su.

Aikin yau kuwa ba na dariya ba ne. Gidan mahaifinsu na Rigasa, wanda aikin titi ya cinye, ko hotonsa babu. Yayarsa Uwani kuma tsufa ya fara kwashe mata tunani, kullum tambayarta ina hanyar gida. So yake ya zana mata gidan tun tana iya gane shi. Sati uku yana fama da zana shi ta gaba, yadda Malama ta koyar, amma abin da ke fitowa gidan kowa ne.

Ya roƙi Malama ta bar shi ya yi yadda ya iya. Ta ce ta yarda, amma ban da rula. Haka ya shimfiɗa tsakar gida da jan fenti, ya jera ɗakuna, ga dalbejiya, ga rijiya can gefe, layukan duk a karkace har abin na sosa masa rai.

Da la'asar ya kai wa Uwani a Kawo. Ta daɗe tana kallo. Can sai ta ɗora yatsa a kan zaure, ta bi a hankali, ta karya kwana, ta tsaya a ɗakin mahaifiyarsu.

"Shehu," ta ce. Rabonta da kiran sunansa tun azumi. "Ka gusar da rijiyar Inna. A gindin dalbejiya take."

Ya san sarai ba a nan take ba, shi ya yi ta jan guga a cikinta har ya girma.

"Gaskiyarki, Yaya. Kuskurena ne."

Ya buɗe jaka ya ɗauko buroshi.